Bargon Da Na Bari A Tsiga

Akwai waɗansu 'yan makonni cikin shekara waɗanda ba su da mai su. Dari ya yi ban kwana, amma bai gama kwashe kayansa ba. Bazara ta yi sallama a ƙofar gida, amma ba a ba ta wurin zama ba tukuna. Daga ƙarshen watan Fabrairu ne zuwa cikin Maris. A kwanakin nan mutum ya kan kwanta yana fifita, ya farka da asuba yana laluben mayafi. Wanda ke zaune gida ba ruwansa, gama duk abin da ya ke bukata yana nan rataye jikin ƙusa. Matafiyi shi ke da aiki, don dole ne tun yau ya yanke shawara bisa abin da gari zai yi jibi.

A cikin irin kwanakin nan ne, a watan Maris na 2022, tafiya Kano ta kama ni daga garinmu Tsiga, ta ƙasar Bakori. Ba yawon buɗe ido ba ne, ko da ya ke in an bi ta wata hanya buɗe idon ne. Mahaifina yana ta rufe masa idanu shekara uku. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani tun bai yi aure ba, ya zama sai dai ya riƙe shi ya shafa. An duba shi, aka ce abin na aiki ne, aka ba mu takarda zuwa wani asibiti a Kano, aka sa mana rana. Na sayar da masara buhu biyu, na nemi hutun mako guda a ofis, na yi lissafi a takarda kamar yadda na saba: kwana ɗaya na zuwa, biyu na asibiti, ɗaya na komowa. Kwana huɗu ke nan, ga kuɗinsu daidai wa daida.

Ana gobe za mu tashi, uwargida ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha, ta shiga haɗa kaya. Daren nan kuwa zafi a ke yi, ko ganye ba ya motsi. Ta sa buta, da darduma, da soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli da garin kunu na Baba. Ta ɗauki takardar asibiti da katinsa ta naɗe cikin leda, ta sake naɗewa cikin wata, ta ɗaure da zare. Sa'an nan ta shiga ɗakin Baba ta fito da bargonsa, wani tsohon bargo mai nauyi kamar jaki ya sha ruwa, ta fara cusa shi cikin jaka.

Na ce, "Wannan fa? Kano za mu, ba Jos ba."

Ta ce, "Malam, a dai tafi da shi. Tsoho ne."

Na ce mata dari ya wuce. Ina da hujja kuwa, don da rana wani yaro a ofis ya duba mini wayarsa, ya ce duk makon nan zafin Kano ba zai sauko ba. Kuma, in faɗi gaskiya, wurin da bargon ya cinye ina so ne in sa manyan rigunana guda uku da na kai wa mai guga. Mutumin ƙauye in zai shiga birni, ya fi tsoron idon mutane da sanyin asuba.

Baba yana zaune gefe yana jinmu. Ya ce, "Malamin ofis, cikin wane tauraro mu ke?"

Haka ya ke kirana in zai yi mini ba'a, gama a wurinsa har gobe ni ɗan En'e ne, ko da ya ke tun 1976 aka sake wa abin suna da tsari aka koma ƙananan hukumomi. Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, ni ma tun da idona ya tafi ƙidayar ta kan shige mini. Amma hancina bai tafi ba. Iskar nan ba ta juya ba tukuna."

Wannan ƙidaya da ya ke magana, ya kai mai karatu, ita ce malamai da tsofaffin manoma su ke bi tun kafin kalanda ta shigo. Sun kasa shekara tauraro 28, kowane kwana 13, sai guda ɗaya mai kwana 14, ya zama kwana 365 cif. Dari da bazara da damina da kaka, kowanne ya sami bakwai. Huɗun ƙarshe na dari duka sunansu Sa'adu, na ƙarshensu shi ne Sa'adul Ahbiya, wanda a kan ce cikinsa macizai da kunamu ke fara fitowa daga ramummuka don ƙasa ta ɗau ɗumi. Ba duba ba ne, lissafin kwanaki ne kawai. Amma tsofaffin da ke riƙe da shi sun san wani abu wanda ni na manta, watau iska ba ta karanta lissafin kowa. Su kan ƙirga tauraro, sa'an nan su fita waje su shinshina.

Na jira sai da kowa ya shiga barci, na zare bargon na ajiye bayan ƙofa, na jera rigunana. Ban gaya wa kowa ba.

Da asuba muka fito. Abin da na fara ji shi ne leɓuna sun bushe. Na ɗaga kai, babu tauraro ko ɗaya. Kafin mu kai Bakori gari ya waye, amma rana ba ta fito ba, sai wani farin faifai a sama wanda mutum zai iya zuba wa ido ba ya ko ƙiftawa. Hazo ya komo cikin dare. Itatuwan bakin hanya sai ka ce an yayyafa musu toka, masu babura duk sun naɗe fuska da rawani.

Bas ɗin da muka samu zuwa Kano tagarta ɗaya ba gilashi, an toshe da kwali, kwalin kuwa tun kafin Malumfashi iska ta yi gaba da shi. Baba na kusa da tagar nan. Ya ɗan jure, ya jure, can sai ya ce, "Miƙo mini bargon nan."

Jama'a, na sha jin kunya a duniya, amma ban taɓa jin irin ta ran nan ba. Na ce, "Baba, an bar shi gida."

Bai ce wa ya bar shi ba. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin har yanzu ina jinta. Jakar rigunan tana bisa mota an ɗaure da igiya, ba damar a sauko da ita. Wata tsohuwa da ke bayanmu ta cire ɗan mayafinta na biyu ta miƙo, ta ce, "Rufa wa Baba, ɗan nan." Da mayafin mace mahaifina ya bi ta Dayi, ya bi ta Gwarzo, har muka shiga Kano ta Kabuga.

A hanya, don ya rage mini nauyin abin, sai ya shiga ba ni labarin zuwansa Kano na fari yana saurayi. Ya ce da ƙafa suka tafi Funtuwa, suka hau jirgin ƙasa na layin nan da aka ja daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929. A Zariya suka kwana a tasha, suka sake wani jirgin zuwa Kano. Ya ce a zamanin nan ba wanda zai fita ko da tsakiyar bazara ce ba da tabarma da buta da bargo ba, gama matafiyi bai san inda dare zai same shi ba. Riga kuwa ɗaya ce, ta jikinka, in ta yi dauɗa ka wanke ka zauna gindin itace ta bushe. Na yi shiru, ina tuna riguna uku da ke bisa kaina suna shan ƙura.

Daga baya na bincika inda wannan hazo ya ke fitowa, don abin ya tsaya mini a rai. Ashe mafi yawansa daga ƙasar Cadi ne, daga wani kwari da a ke kira Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Cadi. A zamanin da can wurin ƙarƙashin ruwa ya ke, da ruwan ya janye sai ya bar wata farar ƙasa mai laushi kamar garin alkama. Akwai duwatsu biyu manya, Tibesti da Ennedi, iskar arewa maso gabas ta kan matso ta tsakaninsu kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi in ya shiga kwazazzabo, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya iso mana. Wani ma har ya kan ƙetare teku ya sauka Amurka ta Kudu. To, iskar nan ba ta ɗauke ƙafa rana ɗaya. Ta kan yi rauni cikin Fabrairu, mutane su ce dari ya tafi, sa'an nan ta sake yunƙurowa. Masu shekaru za su tuna Maris na 2010, lokacin da ƙura ta rufe ƙasar nan har kudu, jiragen sama suka kasa tashi. Yaron ofis bai yi mini ƙarya ba, da rana zafin yana nan. Ni ne ban tambaye shi asuba ba, ban kuma tambaye shi ƙura ba.

Muka sauka gidan wani ɗan'uwanmu. Daren farko Baba ya fara tari. Da safe muka tafi asibiti da takardarmu, aka gwada jini, aka duba ido, likita ya saurari ƙirjinsa. Ya ce ba za a taɓa idon mutum yana tari haka ba, gama aikin yana bukatar mai shi ya kwanta shiru, in ya yi tari wuƙa na cikin ido ana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ya rubuta magani, ya ce mu komo bayan mako guda. Gaskiya ya faɗa, ban ga laifinsa ba. Na fito na zauna bakin baranda na fitar da takardar lissafina. Kwana huɗu na rubuta, kuɗin kwana huɗu na riƙo, hutun mako guda aka ba ni.

Ran nan da la'asar na tafi Kantin Kwari, kasuwar tufafi, na sayi bargo. Mai kantin ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai kuwa yanzu a ke sayen bargo?" Ban tanka masa ba, na biya. Na yi waya ofis na roƙi ƙarin hutu, na yi waya gida na ce ƙanena ya sayar da buhu na uku. Uwargida ta karɓi wayar ta gaishe ni, ta tambayi jikin Baba. Ta ce, "Malam, na ga saƙon da ka bar mini bayan ƙofa." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Baba ya rufa da sabon bargon dare uku. A na huɗu hazo ya washe, sama ta yi tas, zafi ya sauko kamar an buɗe bakin tanda. Wanda bai yi bazara a cikin birnin Kano ba bai san ta ba. A ƙauye akwai inuwar tsamiya, akwai iska ta gona. A birni kuwa bango da kwano da kwalta duk su kan sha rana tun safe, da dare su yi ta amayar da ita. Awon zafi a watannin nan ya kan kai 40. Ɗakin da aka ba mu mu biyar ne ciki, da taga ɗaya. Baba ya ce a fitar masa da tabarma waje, ba zai kwana cikin cunkoso ba a wannan lokaci, gama bai manta 1996 ba. A shekarar nan sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa. Ciwo ne na ƙarshen dari da bazara, sa'ad da ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, mutane kuma suka matsu ɗaki ɗaya, ya kan lafa in ruwa ya sauka. Duk wanda ya ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya kuma ya ƙage, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, asibiti za shi a ran nan. Muka koma kwana a tsakar gida. Bargon da na saya da kuɗin abincinmu ya zama matashin kai.

Riguna uku kuwa, ɗaya kaɗai na sa, ran Juma'a. Ba wanda ya dube ni.

Tari ya tafi, aka yi aiki a idon dama. Kashegari aka cire auduga. Ba zan iya kwatanta wannan ba, sai dai in ce abin da ya fara yi shi ne ya ɗaga tafin hannunsa ya yi ta kallo, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Ashe ka yi furfura." Aka ba mu maganin ɗigawa da baƙin tabarau, aka ja mana kunne ƙwarai: kada ruwa ya shiga idon, kada ƙura ta shiga, kada ya murza. Aka ce mu dakata a sake dubawa kafin mu tafi. Kwana huɗun nan dai sai da suka zama goma sha tara.

Ran komowa, Maris na gab da ƙarewa. Na tsaya ina juya bargon nan a hannu, ga zafi tun hantsi, ga kaya sun yi yawa. Har na buɗe baki zan ce a bar wa masu gida, sai na ga Baba yana kallona ta cikin tabarau. Yanzu kuwa yana gani. Na naɗe shi na riƙe a hammata, na shiga mota da shi, fasinjoji na yi mini kallon mai taɓin hankali.

Zafin ran nan dabam ne. Ba irin mai busar da fata ba, irin mai sa riga ta manne a baya ne. Baba ya ce, "Ka ji? Ta juya." Abin da ya ke nufi, iskar kudu ta iso. Gama iska biyu ke rabon ƙasar nan tsakaninsu, busasshiya daga hamada, da mai laima daga teku ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu akwai iyaka, iyakar nan kuwa tana matsowa arewa sannu sannu tun daga farkon shekara, tana ci gaba tana ja da baya kamar masu ja-in-ja da igiya. Shi ya sa Legas ke samun ruwa tun muna cikin ƙura, Zariya da Funtuwa su riga Katsina, Katsina ta riga Agadas. Abin mamaki kuma, laimar daga kudu ta ke zuwa, amma hadarin daga gabas ya kan taso.

Daga gabas ɗin kuwa ya taso. Mun wuce Malumfashi kaɗan sai na waiga na ga gabas ta yi ja, sa'an nan ta yi baƙi. Kafin direba ya sami wurin tsayawa iska ta iso, ɗauke da yashi da ganye da ledoji da duk abin da rani ya tara. Tagogin wannan motar suna da gilashi, amma ƙura ba ta neman izini, ta ƙasa ta ke shigowa, ta ƙofa, ta ko'ina. Mata suka shiga salati. Ni ba abin da na tuna sai maganar likita. Na warware bargon na lulluɓe Baba tun daga kai har gwiwa, na rungume shi ta waje na danne gefen da hannu biyu. Yana ciki yana cewa zai mutu da zafi, ina cewa, "Yi haƙuri, Baba, kada ka buɗe." Yashi na dukan wuyana kamar ana watsa mini tsakuwa.

Sa'an nan ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu laka, bai fi na minti ashirin ba. Ƙanshin ƙasa ya tashi. Da aka buɗe Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, amma idon lafiya lau, ko ja bai yi ba. Jakata da ke bisa mota ta sha ruwan laka, fararen riguna biyu da ban ko sa ba suka koma kalar kunun kanwa. Takardun asibiti da katin komawa suna ciki su ma, amma suna naɗe cikin ledar nan biyu da zare, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Muka iso Tsiga bayan magariba, muka tarar ruwan ya taɓa can ma. Gida ya cika da masu barka. Ana cikin haka ƙanena ya jawo ni gefe, ya ce, "Yaya, gobe zan shuka masarar gonar bayan gari. Wasu ma sun ce da asuba za su fita." Irin nan kuwa na kamfani ne, da tsada muka saye shi, kuma bayan buhu ukun da tafiya ta ci, ba mu da kuɗin sayen wani in ya lalace. Na san hukumar duba yanayi ta ƙasa ta kan fitar da bayani kowace shekara tun kafin damina, ta kan kuma gargaɗi manoma kada ruwan fari ya ruɗe su. A ƙasarmu damina ba ta kan zauna ba sai wajen watan Mayu. Ruwan Maris ya kan tsirar da iri, sa'an nan rana ta biyo baya mako uku ko huɗu ta ƙone shi. Amma ban yi saurin magana ba a wannan karo. Na ce a bari a tambayi Baba.

Da gari ya waye ya ce a kai shi gonar. Na ce likita ya hana ƙura, ya ce ai ruwa ya kwantar da ita. Ya sa tabaransa, ya ƙi a riƙe masa hannu, muka bi shi a baya ni da ƙanena. Shekara uku rabonsa da hanyar nan. Ya tsaya ya dubi gawon da ke tsakiyar gona, ganyensa kore shar, bai fara zubarwa ba. Ya sa ƙanena ya haƙa da fartanya. Laimar ba ta kai tsawon yatsa ba, ƙarƙashinta ƙasa fara fat, busasshiya. Ya ɗebo da hannunsa ya murza, ya kawo kusa da idon dama ya duba da kyau, ya watsar.

Sa'an nan ya juya wajen gari, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban ƙwanƙolin dogayen itatuwan da shamuwa ta saba sheƙa a kai. Ya bi su ɗaya ɗaya. Ya ce wa ƙanena, "Ba ta zo ba. Mai da irin nan ɗaki."

Muka kamo hanyar gida. Da muka shiga, uwargida ta shanya barguna biyu bisa igiya, tsoho da sabo, tana bugunsu da sanda. Baba ya tsaya ya dube su, ya tambaye ta wanne ne nasa.